Yayata da 'Yar Fim ta Faransa

Na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in da bakwai. Ba wani babban dalili ne ya kai ni ba. Sana'ata gyaran keken ɗinki ce, ina da rumfa ta kwano a bayan kasuwar garin Lafiya, kuma teloli sun koma turo saƙo a rubuce ta waya. Na gaji da miƙa wa maƙwabcina wayata ya karanta mini cewa keken wane yana tsinka zare.

Ana yin ajin a wata makarantar firamare bayan la'asar, Litinin da Laraba da Alhamis. Mu goma sha ɗaya ne, galibi matan kasuwa masu doya da agushi, sai 'yan acaɓa biyu, sai ni. Muna zama a bencin yara, gwiwoyinmu suna dukan tebur. Malamarmu dattijuwa ce 'yar ƙabilar Eggon, Kirista, ta yi ritaya bayan ta daɗe tana koyar da Faransanci a makarantar 'yan mata. Hausarta irin ta garinmu ce, ba ta damu da gyara ta ba, amma in ta tsaya gaban allo ba mai motsi.

Ranar Alhamis mutane sukan zame kafin a tashi, sai ta samo dabara. In ya rage kwata a tashi, sai ta rufe littafin baƙaƙe, ta ciro wani tsohon littafi daga jakarta. Takardunsa sun yi ja don daɗewa. A bangon akwai hoton wata Baturiya mai gajeren gashi, ta tallafe haɓa tana kallon gefe. Malama ta ce 'yar fim ce ta ƙasar Faransa, kuma ita da kanta ta rubuta labarin rayuwarta. Takan karanta shafi ɗaya a zuci, sannan ta ɗago ta ba mu shi da Hausa. Daga nan ba wanda ya ƙara zamewa.

A hankali muka san matar. Ubanta mai gasa burodi ne a wani gari na bakin teku. Tana budurwa wani mai shirya fim ya gan ta a tashar jirgin ƙasa, ya ce fuskarta yake nema. Ta yi shekaru hotonta yana manne a bangon kowane gidan sinima. Ta auri wani darakta, suka rabu. Da ta fara manyanta sai kira ya ragu, har ranar da aka ba ta fitowa a matsayin uwar wata yarinya da ba ta girme ta da yawa ba. Ta karɓa, ta yi, ta koma gida. Daga nan ta sayi littattafan rubutu, ta riƙa zama kowace safiya tana rubuta abin da ta gani. Da farko an yi mata dariya, wai mai fuska ta koma mai biro. Ba ta daina ba.

Matan ajinmu suka raba kansu biyu a kanta. Wasu suka ce ta yi wauta da ta bar daraktan, wasu suka ce ai da ma irinsa ba a zama da shi. Ɗaya daga cikin 'yan acaɓan ya tambaya ko tana da ƙanwa. Ni kuwa tun Alhamis ta biyu na daina jin labarin Baturiya. Labarin yayata nake ji.

Yaya ta girme ni da shekara shida. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu a garinmu Kwandere, ita ta kawo ni gari ta damƙa ni ga ubangidana na sana'a. A zamaninta ba wanda bai san ta ba a garin nan. 'Yar wasan kwaikwayo ce. Ƙungiyarsu ba ta da takarda ko ɗaya. Shugabansu yakan tara su gindin mangwaro ya ce yau labarin mai doya ne da ta auna wa kwastoma ruɓaɓɓiya, ke ce mai doya, kai ne kwastoma, ku je. Sauran magana kowa daga kansa yake ciro ta. Yaya kuwa tana iya Hausar kowa. Za ta yi ta Tibi, ta juya ta yi ta Alago, ta koma ta Bafulatana mai nono, duk a numfashi ɗaya, kuma ba wanda yake jin haushi, don kowa yana jiran ta zo kan maƙwabcinsa. Sun yi wasa a makarantu da filayen ƙwallo, har garin Assakio ana ɗaukarsu a akori-kura. Daga baya ta tafi Kano neman shiga fim. Ta yi shekara huɗu, ta fito a 'yan wurare, galibi tana ɗauke da tire ko tana kuka a gidan rasuwa. Sai ta dawo. Ba ta taɓa cewa ga dalili ba, ni kuma ƙane ne, ban tambaya ba. Ta kama sayar da kunun gyaɗa. Ta yi aure sau biyu, Allah bai ba ta haihuwa ba.

Lokacin da nake wannan aji tana zaune a gidana a unguwar Azuba, a ɗakin baya. Hawan jini ya taɓa kayar da ita, ya bar mata hannun hagu a sanyaye da baki a ɗan karkace. Tana magana, ana ganewa, sai dai harshen ya yi nauyi.

Kowace Alhamis in na dawo, kafin magariba, sai in same ta a tabarma bakin ƙofarta in ba ta shafin ranar. Ba ta taɓa sauraro shiru ba. Da na ce an ga Baturiyar a tashar jirgi, ta ce ita a bakin rijiya aka gan ta tana zagin mai jan guga. Da na ce an manna hotonta a bango, ta ce ita ba ta buƙaci bango ba, yara suna bin ta a kasuwa. Ta sa mata suna ƙawata ta Faransa. In na shigo sai ta ce, "Auta, yau me ƙawata ta aikata?"

Ranar da na kawo labarin fitowar uwa, ba ta yi gardama ba. Ta daɗe tana murza hannunta mai ciwo da mai lafiyar. Sannan ta tambaye ni ko littafin yana nan har yanzu, ana sayar da shi. Na ce ga shi har ya iso jakar Malama.

Ta ce, "To ni ina nawa?"

Na san abin da take nufi. Wasanninsu an ɗauke su a kaset, amma mai ɗaukar hoton ƙungiyar da kaset ɗin nan yake zuwa ɗaukar biki da suna. In kaset ya ƙare masa, sai ya ɗora sabon aiki a kan tsoho. Abin da ya tsira daga wannan, damina ta cinye shi a cikin kwali. Na taɓa samun guda ɗaya na kai aka saka. Amarya ce ake wa liƙi daga farko har kusan ƙarshe, sai can aka ga Yaya da tsumma a ka ta buɗe baki za ta yi magana, kaset ya ƙare.

Washegari ta ce in rubuta ta. Ba wasa take ba. Ta ce tunda Allah ya sa na shiga boko da furfura, to ga amfaninsa.

Na gaya wa Malama. Ta ji daɗi har ta ce za ta zo da kanta. Ta zo wata Asabar da rana da littafin a jaka. Yaya ta sa aka ɗaura mata ɗankwalinta mai kyau. Ta karɓi littafin ta duba hoton bangon, ta ce ƙawarta ba ta cin abinci. Kafin a sha ruwa ta kama muryar Malama tsaf, tana tsawata mini da ita, Malama tana dariya har tana share hawaye da bakin zane. Matata ta bar tukunya a wuta ta zo ta tsaya. Na daɗe ban ga gidan haka ba.

Da dariya ta lafa, Malama ta ce ita tana da lokaci kuma hannunta yana da sauri, za ta riƙa zuwa tana rubutawa. Yaya ta girgiza kai.

Ta ce, "Malama, kin ga abin da na yi miki yanzu? Haka zan yi ta yi miki. In na ga baƙon ido, bakina wasa yake yi, ba ya iya gaskiya. Wannan mai keken kuwa na wanke masa kashi. Ba abin da zan burge shi da shi."

Malama ta ce to a ɗauki muryarta a waya, daga baya a kwafe. Yaya ta taɓa gefen bakinta da ya karkace, ta ce mutanen garin nan sun san wata murya, ba za ta bar musu wannan a madadinta ba. 'Ya'yana ma ta ƙi. Ta ce akwai abin da yaro ba zai ji daga bakin gwaggonsa ba. Ya rage ni kaɗai.

A nan ne na yi abin da na yi, kuma zan faɗe shi yadda yake.

Ubangidana na sana'a, Allah ya jiƙansa, Bakano ne na asali, kuma yana da doka ɗaya: ba a koyon aiki a kan keken mutane. Shekara biyu na yi a rumfarsa ina goge kekuna da zuba musu mai kafin ya bar ni na kwance kusa ɗaya. Da ya bar ni, a kan wani mataccen keke ne da ba mai shi. Na kwance shi na ɗaure ya fi sau ɗari. Da wannan tarbiyya na tashi, kuma da ita nake alfahari. Ban taɓa ɓata keken kowa ba. Teloli suna cewa in kana sauri kada ka kawo mini, in kana son aiki ka kawo.

To sai na ɗauki labarin Yaya kamar keken mutane. A lokacin baƙaƙena suna hawa da sauka kamar sawun kaza. Ina mance ƙugiyar wasu, ina haɗe kalmomi biyu su zama ɗaya. Na ce ba da wannan hannun zan taɓa rayuwarta ba. Na sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, na naɗe shi a leda, na ɗora a kan kwaba. Na ce mata ta ba ni zuwa ƙaramar Sallah.

Na kama gwaji. A rumfa, in ba aiki, ina rubutu a bayan tsohuwar kalanda da takardar siminti. Ina kwafe duk abin da idona ya gani, har rubutun jikin gwangwanin mai. Sallah ta zo na duba hannuna, bai yi mini ba. Na ce bayan jarrabawar aji. Na ci jarrabawar, na zo na biyu, amma da Malama ta yi mana shifta ta same ni da kuskure tara. Na ce bayan damina.

Malama ta tsare ni wata rana bayan an tashi. Ta tambaya shafi nawa muka yi. Da na gaya mata, ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce in rubuta ko da kamar sawun kazar ne, ita za ta gyara. Ta ce ita kanta Baturiyar ta faɗa a littafinta cewa shafukanta na farko ba su karantuwa don gogewa da karcewa. Na yi mata bayanin dokar ubangidana cikin ladabi. Ta ce, "Malam, keke yana jira. Yayarka ba keke ba ne." Na ce na ji, na gode. A raina na ce ita ba ta san aikin hannu ba.

Jinkirin ma da sauƙi. Abin da ya fi shi muni shi ne na hana ta magana.

Tun da ta ƙudurta za a rubuta ta, abubuwa suka riƙa taso mata. Muna zaune da la'asar sai ta fara, wai ka san ranar da motarmu ta lalace a hanyar Assakio, ko ka tuna mutumin nan da yake fitowa a matsayin alƙali. Ni kuwa sai in ɗaga hannu. Ina tsoron in ta faɗa yanzu, ranar rubutu ba zai fito da daɗinsa ba, ko ta ce ai na riga na gaya maka. Sai in ce ta adana, kada ta zubar a ƙasa. Da farko takan zage ni ta ci gaba, ni kuma in tashi in ba ta wuri. Daga baya in na ɗaga hannu sai ta yi shiru.

Akwai wata rana ana yayyafi, muna zaune a baranda, tana kallon ruwan da yake zuba daga kwano cikin bokiti. Ba ta dube ni ba ta ce, "Auta, abin da ya dawo da ni daga Kano, ko mijina na biyu ban gaya masa ba. Akwai wata mata da muke ɗaki ɗaya."

Na ce, "Yaya, riƙe shi. Wannan na littafi ne."

Ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Kai dai ba ka da laifi. Haka aka yi ka." Ta nemi in miƙo mata sandarta, ta shiga ɗaki.

Wata goma sha huɗu na yi ina gwaji. Ranar da na rubuta shafi guda cur Malama ba ta sami kuskure ba, na dawo gida na sauko da littafin daga kan kwaba. Na yi alwala kamar mai zuwa masallaci. Na ce mata na shirya.

Ta ce daga farko za a fara, kamar yadda ƙawarta ta fara da ƙamshin burodin ubanta. Ita ta fara da mahaifiyarmu tana suyar ƙosai a Kwandere, da yadda take hura wuta da faifai tana waƙa da harshen Gwandara. Ni ban san mahaifiyarmu tana waƙa ba. Na rubuta. Amma hannun da ya yi kyau bai yi sauri ba. Jimla ɗaya takan ɗauke ni lokacin da za a ɗinke hannun riga. Sai ta faɗa, ta jira, in ɗago in ce sai me, ita kuma zaren ya kuɓuce mata. Harshenta ma ya ƙara nauyi a wannan shekarar, ban lura ba sai da na zauna ina kama kalmominta ɗaya bayan ɗaya. Shafi uku muka yi ta gaji.

Zama huɗu muka samu. Ta ba ni rasuwar mahaifiyarmu, da yadda ta goya ni zuwa gonar rogo, da bakin rijiyar da aka gan ta. A zama na huɗu ta kai ranar da ta fara hawa dandamali, a filin wata makaranta, da kwandon doya a ka. Ta ce ta hango ƙanen babanmu a cikin 'yan kallo riƙe da sanda, ya zo ya kora ta gida. Ta ce sai ta buɗe baki. Aka kira sallar magariba. Ta ce in rufe, ranar Laraba za ta gaya mini abin da ta ce har sandar ta faɗi daga hannunsa.

Ranar Talata na tafi Assakio gyaran kekunan wasu teloli. Ina kan na uku matata ta kira. Yaya ta faɗi a banɗaki da hantsi. Kwana tara muka yi a asibiti. Ta dawo gida da rai, ɓarin dama ya tafi, magana ta tafi gaba ɗaya. Sauti ɗaya ya rage mata, wani abu kamar "to", da shi take neman ruwa, da shi take jin zafi. Idanunta kuwa suna nan yadda suke. Tana gane kowa, tana jin komai.

Shafi goma sha ɗaya ke cikin littafin. Rubutun yana da kyau, ba gogewa ko ɗaya.

Na yi wata biyu ban je aji ba. Da na koma, na tarar Malama ta kusa gama littafin Baturiyar. Matar ta tsufa a wani ƙaramin gida, idonta ya raunana, ta koma faɗa wata tana rubuta mata. Har aka gayyace ta wani taro aka nuna tsofaffin finafinanta, ta zauna a cikin duhu tana kallon kanta tana budurwa. Matan ajin suka yi ta santi. Ban kai wa Yaya wannan shafin ba. Ita ma da na shigo ranar Alhamis ta bi ni da ido, na yi kamar ban gani ba.

Na ce bari in nemo sauran labarin a wurin mutane. Shugaban ƙungiyarsu ya rasu. Mai fitowa alƙali na same shi a ƙofar gidansa da carbi, ya ce ya tuba daga wannan harka, kada in tayar masa da ita. Wata da suka yi wasa tare tana sayar da manja yanzu. Ta karɓe ni da murna, ta yi awa guda tana kwaikwayon yadda Yaya take kwaikwayon mutane, tana dariya ita kaɗai. Da na tambaye ta Kano, ta ce ita ba ta je ba. Duk wanda na samu, mai doyar wasan kwaikwayo ya sani, ba Yaya ba. Ƙanen babanmu mai sanda kuwa ya daɗe a ƙasa.

Sai na koma wurinta da wata dabara. Tunda tana iya gyaɗa kai da girgiza shi, zan riƙa faɗa, ita tana tabbatarwa. Na zauna gefen katifarta da la'asar, na karanta mata shafukan nan goma sha ɗaya. Ta rufe ido tana ji. Da na kai inda ta buɗe baki a dandamali, na tsaya. Ta buɗe ido ta ce, "To." Tana nufin in ci gaba.

Na fara canka. Ko muryar ƙanen babanmu kika kama? Ta girgiza kai. Ko tallar doya kika yi masa? Ta girgiza. Ko waƙar Innarmu kika yi? Ta girgiza, bakinta yana motsi, wuyanta yana kumbura don ƙoƙari, ba abin da ya fita sai wannan sautin. Na bar wannan na tsallaka gaba. Na faɗi abin da nake zaton na sani game da aurenta na farko, ta girgiza. Na ce ta bar shi ne saboda ya hana ta wasa, ta girgiza da ƙarfi. Shekara arba'in da wani abu ina tare da matar nan, ta ci da ni ta sha da ni, amma duk abin da na kawo ba haka ba ne.

Na gwada Kano sau uku a ranaku daban-daban. Matar da kuke ɗaki ɗaya ta cuce ki? A'a. Ta rasu? Ta tsaya, ba ta gyaɗa ba, ba ta girgiza ba. Ke kika yi mata wani abu? Hawaye ya gangaro ta gefen da ba ya motsi, ya shiga kunnenta. Ban san ko na taɓa gaskiya ba ne, ko kuwa takaicin na yi nisa da ita ne. Matata ta leƙo ta ce in ji tsoron Allah in bar baiwar Allah ta huta.

Ban bari ba. Na ci gaba kusan wata uku, kowace la'asar in na dawo daga rumfa. Mutane suna yaba mini, wai ba su taɓa ganin ƙane mai haƙuri irina ba. Na rubuto baƙaƙe manya a kwali na ce ta riƙa nunawa, na mance ita ba ta taɓa shiga aji ba. Na fara koya mata. Ta kai baƙi na biyar ta ture kwalin da hannun hagu. A duk wannan lokacin abin da na ƙara a littafin bai cika rabin shafi ba, kuma shi ma ban tabbata ba, don wani lokaci tana gyaɗa kai ne kawai don in ƙyale ta.

Na lura in ta ji ƙarar babur ɗina a ƙofar gida, sai ta juya fuska bango. Matata ce ta gaya mini. Ta ce da rana Yaya takan yi murmushi in ana hira a tsakar gida, amma da la'asar ta gabato sai ta ƙi cin abinci.

Wata Juma'a na shiga da littafin. Na zauna ban buɗe ba. Ta juyo da ƙyar tana kallon hannuna. Na ce, "Yaya, tambaya ɗaya ce yau. In bari?"

Ta dube ni, ta dubi littafin, ta daɗe. Sannan ta gyaɗa kai. Na sake tambaya don in tabbata, na ce in bari gaba ɗaya, ba na yau kaɗai ba. Ta sake gyaɗawa, sau biyu, a fili, ba irin gyaɗawar da take yi don in ƙyale ta ba. Ita ce amsa mafi tsabta da na samu daga gare ta tun da ta faɗi.

Na ajiye littafin a ƙasa. Lokacin juya ta ya yi, don kada bayanta ya yi gyambo. Na kira matata ta kama ƙafafu, ni na kama kafaɗa, muka juya ta ɓarin hagu. Ta yi sauƙi a hannu fiye da watan jiya. Na gyara mata matashi, na ɗauko kofin kunu da cokali. Ta sha cokali bakwai, a na takwas ta rufe baki.

Tana nan a ɗakin baya har yau. Da la'asar ina shiga in zauna, ba na tambayar komai. Wani lokaci bakinta yakan yi motsi na tsawon lokaci, idonta a kan rufin kwano, kamar mai ba da labari tiryan-tiryan. Nakan zauna har ta gama.